Kumburin gwiwar da ya raba ni da sana'ata wata huɗu

Sana'ata dasa tayil ce, kuma duk wanda ya san wannan aiki ya san cewa gwiwa ce take ɗaukar wahalarsa kafin hannu. Ina da shekara 14 mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya kama hannuna ya kai ni wurin gini a nan Kano, domin shi ma magini ne, kuma a ganinsa yaron da ya iya riƙe cokalin gini ba zai kwana da yunwa ba. Na fara da tankaɗe yashi da ɗaukar kwanon siminti, daga baya wani ɗan ƙasar Togo da ake ba aikin daɓen manyan gidaje ya lura da natsuwata, ya ɗauke ni yaronsa. A hannunsa na koyi ja da igiya, da yanka tayil, da buga shi da gudumar roba har ya zauna daidai da ɗan'uwansa, kuma a hannunsa na koyi wuni a durƙushe tun daga hantsi har rana ta yi sanyi ba tare da na ce na gaji ba.

Da tafiya ta yi tafiya, gwiwoyina biyu suka yi kanta, fatar ta yi baƙi ta yi kauri kamar ta raƙumi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin damuwa ba, hasali ma alfahari nake yi da shi. Idan sabon yaro ya zo koyon aiki ya nemi kwali ko tsohon soso zai shimfiɗa kafin ya durƙusa, nakan naɗe wandona in nuna masa gwiwata, in ce masa ga soson da Allah Yake ba mai haƙuri. Na shafe fiye da shekara 20 ina faɗin wannan magana, kuma a yau babu maganar da nake nadamar koya wa yarana kamarta.

A ƙarshen watan Janairu na 2023 na karɓi aikin wani gida mai hawa ɗaya wanda ake son a gama kafin biki, domin a cikinsa amarya za ta tare. Hunturu ya kankama, iska tana busar da fata, ga siminti wanda dama cin fata yake yi, saboda haka kantar gwiwata ta dama ta tsattsage kamar yadda diddige yake yin faso. Wata ranar Talata ina aikin banɗaki, na durƙusa a kan wani ɗan tsinin tayil da ya faɗo daga yanka, ya shige cikin ɗaya daga cikin tsagogin nan. Na zare shi da farce, jinin da ya fito bai kai a kira shi jini ba, na goge da gefen rigata na ci gaba da aiki a cikin jiƙaƙƙen siminti da ruwan da muke jiƙa tayil a ciki. Ban wanke wurin ba, ban rufe shi ba, kuma kafin magariba na manta da shi gaba ɗaya.

Bayan kwana huɗu na tashi da asuba na ji gwiwar ta yi nauyi. Da na haska fitilar waya sai na ga wani kumburi kamar ƙwan kaza zaune a kan ƙoƙon gwiwar, fatar wurin tana sheƙi, kuma da na ɗora bayan hannuna na ji ɗumi wanda babu shi a ɗaya gwiwar. Abin da ya yaudare ni shi ne ina iya tafiya, ina iya miƙe ƙafar in lanƙwasa ta zuwa wani mizani, durƙuso ne kawai ya gagara, domin da zarar wurin ya taɓa ƙasa sai in ji kamar an soka mini allura mai zafi. Na yi sallar asuba da ƙyar, na ce wa maiɗakina sanyi ne ya taru a wurin, na hau babur na tafi aiki. Ranar a kan gwiwar hagu kaɗai na wuni, ta dama na miƙe ta gefe.

Da yamma na biya wani kemis na unguwarmu na nuna wa yaron da ke tsaron shagon. Ya latsa, ya ce ruwa ne ya taru, ya ba ni maganin kashe zafi da kafso na kwana biyu, domin iya kuɗin da ke aljihuna ke nan. Waɗanda suke Najeriya a wancan lokaci ba su manta da ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ba, lokacin da mutum zai wuni a layin banki ko wurin masu POS ya dawo hannu wofi, kuma tura kuɗi ta waya ya kan maƙale. Na daɗe ina jingina jinkirina da wannan, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Tsoro nake ji kada likita ya ce in kwanta, aikin ya suɓuce daga hannuna, kuma ina ganin girmana ya wuce a ce ɗan kumburi ya kai ni asibiti. Na sha kafson nan na kwana biyu, zafin ya ragu, kumburin ya ɗan saki, sai na ɗauka na warke na daina.

Cikin mako guda ya dawo fiye da yadda yake. A nan ne wani abokin aiki ya raka ni wurin wani mutum da ke yi wa mutane allura a ɗakinsa, wanda aka ce ya ƙware a ciwon gwiwa. Ya zuƙi wani farin magani ya soka mini a cikin kumburin kansa, ya ce zuwa gobe zan durƙusa. Kuma haka aka yi, domin kwana biyu na yi ina jin kamar an sauke mini dutse, har na kammala falon ƙasa. A rana ta uku gwiwar ta kumbura har wandona ya matse ta, zafin ya haura zuwa cinya, ya gangara zuwa ƙwauri.

Mahaifiyata da ta zo duba ni ta ga yadda abin ya nuna kamar maruru, sai ta ce a kira wanzami ya yi sakiya. Ba na zarginta ko kaɗan, domin abin da ta tashi ta ga ana yi ke nan, kuma tausayina ne ya sa ta faɗa. Wanzamin ya zo da safe, ya gasa ƙarfensa a wuta, aka rirriƙe ni, ya huda gefen kumburin. Mugunya ta fito gauraye da jini, kusan rabin kofin shayi, kowa ya yi hamdala, aka shafa wani garin magani aka ɗaure da tsumma. Na sami sauƙin yini ɗaya. Daga nan bakin hujin ya toshe, abin da ya rage a ciki ya ci gaba da taruwa, kaluluwa ta fito mini a matsematsi, zazzaɓi ya rufe ni.

Daren da ba zan manta ba shi ne na cikar mako uku da jin ciwon. Sanyi nake ji har haƙorana suna haɗuwa, bargo biyu ba su ishe ni ba, can kuma sai gumi ya jiƙe katifar. Maiɗakina tana zaune a bakin gado tana matsa mini tsumma mai sanyi a goshi, ta ce, “Malam, don girman Allah ka bari a kai ka asibiti, wannan abin ya fi ƙarfin gida.” Na daka mata tsawa, na ce ta bar ni da abin da nake ji. Ba ta tanka ba, ta tashi ta fita tsakar gida da wayata, ashe yayana ta kira. Kafin a kira sallah ya iso da mai adaidaita sahu, ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, “Tashi mu tafi, ba shawararka na zo nema ba.” Na ce, “To, Yaya.” Har yau idan na tuna tsawar da na yi wa baiwar Allahn nan a daren da take ƙoƙarin ceton raina, sai in ji kunya ta lulluɓe ni, kuma na nemi gafararta ba sau ɗaya ba.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya kwance tsumman, ya dubi wurin, ya sa biro ya zagaye iyakar inda fatar ta kumbura ta sauya launi, ya ce da wannan layin za su riƙa gane ko ciwon yana yaɗuwa ko yana ja da baya. Ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 39, wato zazzaɓi mai zafi. Sannan ya kama diddigena da hannu ɗaya, ɗayan a ƙarƙashin gwiwar, ya riƙa lanƙwasa ƙafar a hankali yana kallon fuskata. Na jure har zuwa kusan rabi, sai da fatar gaban gwiwar ta miƙe sannan na yi ƙara. Ya ajiye ƙafar ya ce, “Malam, akwai abin godiya a nan. Alamu suna nuna ciwon bai shiga cikin gaɓar kanta ba, domin da ya shiga, ko motsi kaɗan ba za ka bari in yi da ita ba.” Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa, ya gyaɗa kai kamar wanda dama amsar da yake jira ke nan.

Shi ne ya fara gaya mini sunan abin da na shekara 20 ina murƙushewa ban san da shi ba. Ya ce a jikin ɗan Adam akwai wasu ƙananan jakunkuna masu ɗan ruwa mai santsi a ciki, likitoci suna kiran kowace ɗaya bursa, kuma sun haura 150. Allah Ya ajiye su a wuraren da fata ko jijiya take goga ƙashi, domin su hana gugar ta yi lahani. Ɗaya tana kwance tsakanin fata da ƙoƙon gwiwa, wata kuma a tsinin gwiwar hannu, kuma waɗannan biyun su ne ƙwayoyin cuta suka fi kamawa saboda babu abin da ya raba su da waje sai fata. Mai yawan durƙuso kamar mai tayil, da mai gyaran famfo, da kafinta, da mai haƙar ma'adinai, yana ta matsa jakar har ta yi kauri ta tara ruwa, haka nan makanike da yake dogara gwiwar hannu a ƙasa a ƙarƙashin mota. Wani lokaci kumburin gugar ce kawai, babu ƙwayar cuta a ciki, kuma irin wannan hutu da ɗora ƙanƙara da maganin zafi sukan wadatar. Amma idan fata ta tsage, ko ƙaya ta soke ta, ko ƙurji ya fito a wurin, sai ƙwayar cutar da ke zaune a kan fata ta sami ƙofa, ta faɗa cikin ruwan jakar ta hayayyafa. Ina jin haka na tuna maganar magabata cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, na kuma tuna tsinin tayil ɗin nan da na zare da farce.

Ya ce ido kaɗai ba ya iya rabe kumburi mai ƙwayar cuta da marar ita a kowane lokaci, shi ya sa ake zuƙo ruwan a gwada. Aka wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyi har sau uku, ya sa safar hannu, ya shigar da allura ta gefen kumburin. Na ga sirinji yana cika da wani abu mai kauri, ruwan ɗorawa da ratsin jini, sai da ya cika biyu. Ya zuba a ƙananan kwalabe aka kai ɗakin gwaje-gwaje, ya ce za a duba shi a madubin likita, a ƙirga ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta da ke ciki, a nemi ɗan gishirin da ke haddasa wani ciwon gaɓoɓi da ake kira gawut domin shi ma yakan kumbura wannan jaka, sannan a shuka shi na kwana biyu zuwa uku don a ga wace ƙwaya za ta tsiro da kuma maganin da yake kashe ta. Ya kuma bayyana mini cewa da gangan bai kai allurar cikin gaɓar ba, domin ratsa fata mai ciwo zuwa cikin gaɓa mai lafiya yana iya kai cutar inda ba ta isa ba. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini. Ya tambaye ni ko na daɗe ina tari, ko ina shan nonon da ba a dafa ba, domin tarin fuka da wata cutar da ake ɗauka daga dabbobi sukan kama wannan jaka jefi-jefi. Na ce a'a.

Da na ba shi labarin kafso da allura da sakiya bai yi mini faɗa ba, amma bai ɓoye mini komai ba. Kafson kwana biyu, in ji shi, ya dakushe cutar ne bai kashe ta ba, domin irin wannan ciwo yana buƙatar maganin da ya dace har tsawon mako biyu ko fiye. Allurar da aka yi mini a cikin kumburin, bisa yadda na siffanta ta, ya fi zaton sitiroyid ce, wadda take kwantar da zafi da kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki a wurin, saboda haka ba a yin ta a jakar da ƙwayar cuta take ciki, domin kamar ɗaure mai gadi ne ɓarawo yana cikin gida. Sakiya kuwa ta fitar da kaɗan ta bar mai yawa, ta ƙona nama, ta kuma buɗe sabuwar ƙofa. Ya ce da na zo a kwanakin farko, mai yiwuwa zuƙe ruwan da ƙwayoyin sha sun isa, in koma gida a ranar.

Kafin azahar sakamakon jini ya fito da wani labarin da ban zo da shirinsa ba. Likitan ya zauna a gefen gadon ya ce, “Malam, an taɓa gaya maka kana da ciwon suga?” Na ce ko kusa. Ya tambaye ni yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama, duka na amsa da e, domin na fi shekara ina fama da su ina ɗora laifin a kan zafin aiki. Ya ce suga idan ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, yana kuma hana ciwo warkewa, kuma yana cikin manyan dalilan da ke sa wannan cuta ta yi tsanani, tare da ciwon ƙoda, da shan giya, da daɗewa a kan magungunan da ke danne garkuwa. A daren nan ban runtsa ba. Na san mutane biyu masu ciwon suga da aka yanke wa ƙafa, kuma duk lokacin da na rufe ido sai in ga kaina a ƙofar gida da sanda, yarana biyar suna kallona. Da nas ta zo sa mini maganin tsakar dare ta same ni ina hawaye, ta ce, “Baba, ka kwantar da hankalinka, mun ga waɗanda suka fi wannan sun taka da ƙafarsu sun tafi.” Ban san ko ta san nauyin da maganar nan ta sauke mini ba.

An fara ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya tun kafin sakamakon shuka ya fito, kowace awa shida, dare da rana, tare da allurar insulin. An ɗora ƙafar a kan matasai, an hana ni lanƙwasa ta. A rana ta uku sakamakon ya nuna ƙwayar da ake kira sitafilokokas oriyos, wadda ake taƙaitawa sitaf. Gabana ya faɗi da jin sunan, domin a bakin masu tallar maganin gargajiya da lasifika na saba jinsa, suna danganta shi da ciwon sanyi na mu'amalar aure, har na fara tunanin abin da zan ce wa iyalina. Likitan ya ce in cire wannan daga raina. Ƙwaya ce da take zaune a fata da cikin hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta cutar da su ba, ita ce take haddasa maruru, kuma ita ce sanadin kusan kashi 80 cikin 100 na irin ciwona, sai ƙwayar sitireb da take biye mata. Ya ƙara da cewa akwai nau'inta da ya daina jin magungunan da aka saba, wanda shan magani barkatai yake taimaka wa yaɗuwa, amma tawa tana jin kuloksasilin, maganin da aka fara ba ni, saboda haka aka ci gaba da shi.

Zazzaɓin ya sauka, kumburin cinya ya ja baya daga layin biro, amma jakar kanta ta ƙi. Sau biyu aka sake zuƙewa tana sake cika, a na ukun allurar ba ta jawo komai ba, domin mugunyar ta yi kauri ta rarrabu ɗaki-ɗaki. Babban likitan ƙashi ya zo zagaye, ya duba ya ce sai an shiga tiyata an buɗe, an wanke, an cire ɓangaren jakar da ya lalace, idan ba haka ba ciwon zai iya cin ƙoƙon gwiwar ko ya bar rami mai tsiyaya wanda ba ya rufewa. Da aka kawo takardar sa hannu na riƙe biro na kasa rubutu, na dubi yayana. Ya ce, “Ka yi bisimilla ka sa hannu, mun gwada namu mun gani.” Na sa hannu ranar Alhamis, aka yi aikin ranar Juma'a, washegari kuma aka yi zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, wanda na ji labarinsa a rediyon maƙwabcin gadona.

Ba a ɗinke wurin gaba ɗaya ba, an bar shi a buɗe an cusa auduga domin ya warke daga ciki zuwa waje. Wankin ciwon kowace safiya shi ne abu mafi zafi da na taɓa ɗanɗana. Nas takan jiƙa audugar jiya da ruwan gishiri, ta jawo ta a hankali da ɗan ƙarfe, tana fitowa kamar igiya, ni kuwa na cije gefen zanin gado ina salati. A rana ta farko na leƙa na ga rami mai zurfin gaɓar yatsa a gwiwata, ban sake kallo ba sai bayan mako guda, lokacin da ta ce in duba in ga jan nama mai kyau yana tasowa daga ƙasa. Kwanana 13 a asibiti. An sallame ni da ƙwayoyin sha na ƙarin mako uku, da maganin suga, da gargaɗin cewa ko na ga wurin ya rufe kada in bar ko ƙwaya ɗaya. A wannan karon maiɗakina ce ta riƙe maganin, ita take ba ni a kan lokaci, tana yin alama da gawayi a bangon kicin.

Zaman gida ya fi kwanciyar asibiti yi mini nauyi. Mai gidan da nake wa aiki ya ba wani ya ƙarasa, kuma ba na ganin laifinsa, tunda ranar biki ba ta jira. Daga cikin yarana shida na aiki huɗu suka koma wurin wasu, biyu suka tsaya suna ɗan kama ƙananan ayyuka suna kawo mini abin da ya samu. Maiɗakina ta sayar da ɗan kunnenta na zinare da keken ɗinkinta, ba ta gaya mini ba sai da na lura babu ƙarar keken da rana. Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris, likita ya ce da sabon ciwon suga da buɗaɗɗen rauni da magani a kan lokaci bai kamata in ɗauka ba, limamin unguwarmu kuma ya tabbatar mini cewa shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, in rama daga baya. Shi ne kuma ya zaunar da ni ya koya mini yadda zan yi sallah a kan kujera. Na karɓi hukuncin da hannu biyu, amma ranar da aka fara tarawihi ina zaune a ƙarshen sahu, na ga jama'a sun tafi sujada gaba ɗaya ni kaɗai na rage a sama, sai da na rufe fuskata da hannun riga. Ban san darajar kai goshi ƙasa ba sai da aka hana ni na kusan wata uku.

Raunin ya ɗauki mako tara kafin ya rufe, kuma likita ya ce sugan ne ya ja shi haka. A lokacin cinyar dama ta rame ta zama kamar ba tawa ba, gwiwar ta yi tauri. Aka tura ni sashen gashi da motsa jiki, inda aka koya mini matse naman cinya ina kwance, da ɗaga ƙafa a miƙe, da lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan ina ƙarawa kowane mako. Ban koma bakin aiki ba sai a watan Yuni, kuma a makonnin farko tsayawa kawai nake yi ina nuna wa yara.

Yanzu ina durƙusawa, amma ba kamar da ba. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo matashin gwiwa irin wanda ake ɗaurawa da maɗauri, nawa da na kowane yaro, kuma wanda bai ɗaura ba ba zai taɓa mini tayil ba. Ana share tarkacen yanka kafin kowa ya sa gwiwa a ƙasa. Bayan kowane ɗan lokaci muna miƙewa mu huta. A cikin jakar kayan aikina akwai sabulu da maganin wanke rauni da filasta, kuma komai ƙanƙantar yanka sai an wanke an rufe. Da hunturu ina shafa man kaɗanya a gwiwa safe da dare don kada ta tsage. Ina auna sugana, ina shan maganina, na rage shayi mai zaƙi da lemon kwalba waɗanda da su nake wuni a wurin aiki. Tabon yana nan, tsawonsa ya kai yatsa, kuma idan na daɗe a kansa yakan yi mini tsami.

Bara ɗaya daga cikin yaran nan biyu da suka tsaya tare da ni ya zo aiki yana ɗingishi, yana ƙoƙarin ɓoye mini. Na ce ya naɗe wandonsa. Na ga ɗan kumburi a kan ƙoƙon gwiwar hagu da wani ƙurji a gefensa, na ɗora bayan hannuna a kai, sannan na ɗora a ɗaya gwiwar, na ji bambancin ɗumin nan da na sani. Ya ce, “Maigida, ba komai ba ne, zan biya kemis da yamma.” Na ce masa ya ajiye cokalin ya hau bayan babur. Aka zuƙe ruwan a ranar, gwaji ya nuna irin ƙwayar da ta kama ni, aka ba shi maganin sha na mako biyu, aka ce ya dawo bayan kwana biyu a sake dubawa, kuma kada ya durƙusa sai wurin ya saki gaba ɗaya. Na biya shi kuɗin kwanakin da ya yi a gida kamar yana aiki, ina kiransa kowace safiya in tambaye shi ko ya sha maganin. A mako na uku ya dawo da matashinsa ɗaure a gwiwa, muka ƙarasa daɓen wani masallaci tare.